Tsintar dami a kala: yadda ake gane gwal da azurfa a gwanjon Ingila

'Yan'uwa mata da ke zaune a Ingila, musamman waɗanda suka zo kwanan nan karatu ko suka biyo maigida, da yawa suna wuce shagunan cariti ba sa ko leƙawa, in ma sun shiga sai su tsaya wajen rigunan sanyi da takalman yara su fita. Ni kuwa wajen akwatin gilashin da ke kusa da mai karɓar kuɗi nake fara tsayawa, inda ake zuba sarƙoƙi da zobba da 'yan kunne. Gwanjo ne dai irin wanda muka sani, bambancin kawai a nan mutane ne ke kai kayansu kyauta ga ƙungiyoyin agaji irin su Oxfam da British Heart Foundation da Cancer Research UK, su kuma su sayar. Sai kuma kasuwar bayan mota, wadda ake ci a fili ranar Asabar ko Lahadi da sassafe, galibi daga Afrilu zuwa Oktoba, kowa ya buɗe but ɗin motarsa ya baza tarkacen gidansa a kan tebur. A Amurka kuma a ƙofar gida suke bazawa, ko a shagunan Goodwill.

Bari in faɗa miki gaskiya tun yanzu, yawancin ranaku ba za ki samu komai ba. Sai ki yi fita goma ba ki dawo da abin kirki ba. Labarin da kowa ke bayarwa shi ne na zoben da aka saya fam 10 a kasuwar bayan mota a yammacin Landan cikin shekarun 1980, aka yi ta sa shi ana zaton gilashi ne, ashe daimon ne mai nauyin karat 26, kamfanin gwanjo na Sotheby's suka yi gwanjonsa a 2017 a kan fam 656,750. Ya faru kam, amma kar ki fita da wannan a ranki. Abin da ake samu a zahiri shi ne 'yar sarƙa mai giram uku, ɗan kunne wari ɗaya, zoben azurfa, abin maƙalawa a riga na tsofaffi. Su ne in suka taru suke zama kuɗi.

Kayan aiki tukunna

Abu uku ne ba na fita sai da su. Gilashin ƙara girma irin na masu gyaran agogo, mai ninki 10, ɗan ƙarami ne yana shiga aljihun jaka kuma ba shi da tsada. In babu, kyamarar waya ma tana yi in kika jawo hoton kika kunna tocila, sai dai hannu na rawa. Na biyu maganaɗisu, ba irin na jikin firij ba, ki nemi ɗan ƙarami mai ƙarfi wanda ake ce wa neodymium. Na uku ɗan sikelin aljihu mai auna har 0.01 na giram. Sai ki riƙe tsabar kuɗi, canji ƙanana, don a kasuwar fili in kika miƙa takardar fam 20 a kan abin fam ɗaya kin ba wa mai kaya wahala, wani ma ya ce ba shi da canji ki rasa kayan.

Maganar lokaci kuma, kin san in kin yi sammako wani a tafe ya kwana. Akwai dillalai da wannan ce sana'arsu, tun mai kaya bai gama kashe mota ba sun zagaye shi da tocila suna tambaya ko akwai gwal ko agogo. Kasuwanni da yawa suna karɓar kuɗin shiga mafi tsada ga masu zuwa da wuri, kuma ya cancanci a biya. Amma ko kin makara kar ki karaya, su dillalan sauri suke yi, abin da ke a fili suke ɗauka, ba su da haƙurin zama su warware sarƙoƙin da suka cukurkuɗe a cikin gwangwanin biskit. Nan ne rabonki yake. Ni mafi yawan abin da na samu a irin wannan ƙullin na same shi, na tsuguna a kan ciyawa mai raɓa, yatsuna sun ƙage don sanyi, ina zare su ɗaya bayan ɗaya.

Karanta tambari

Wannan shi ne zuciyar aikin, don haka zan daɗe a kansa. Ingila tana da doka ta 1973 da ta ce ba za a sayar da abu da sunan gwal ko azurfa ba sai an kai shi ofishin gwaji an buga masa tambari. Ofisoshin guda huɗu ne yanzu, kowanne da alamarsa: Landan kan damisa, Bamingham anka irin ta jirgin ruwa, Sheffield fure, Edinburgh kuma gini mai hasumiya uku. Kusa da alamar za ki ga lamba. 375 shi ne gwal mai karat 9, wato kashi 375 cikin dubu ne gwal, sauran gauraye ne. 585 karat 14, 750 karat 18, 916 karat 22. A tsofaffin kaya za ki iya ganin kambin sarauta da 18 ko 22 a gefensa, ko kuma 9 da .375 a jere. Azurfa kuma 925, a tsohon tsari da hoton zaki yana tafiya ya ɗaga ƙafar gaba ɗaya. In kika ga 950 a cikin wani ɗan zane mai kamar ɗaki da rufinsa, to filatinam ne, wani farin ƙarfe mai tsada, kar ki ajiye shi don ya yi miki kama da farin ƙarfe.

A ina ake duba? Zobe ta ciki. Sarƙa a jikin maƙullinta ko ɗan zoben da ke haɗa maƙulli da sarƙar, ko wani ɗan falle da ke rataye a gefe. Ɗan kunne a jikin sandar da ke shiga kunne ko abin toshewa na baya. Awarwaro ta ciki kusa da inda yake buɗewa. Abin maƙalawa a riga kuma ki juya bayansa, ki duba har jikin allurar. Sau da yawa dauɗa ta cike tambarin, sai kin goga da babban yatsa ko bakin mayafi kafin ya fito.

Akwai wani tambari da nake so ki riƙe a kanki, 15ct ko 625. An fara karat 15 a Ingila a 1854 aka daina shi a 1932, don haka duk abin da kika gani da shi ya tsufa, kuma masu tara tsofaffin kaya suna biyan sama da kuɗin nauyinsa. Na taɓa samun ɗan siririn abin maƙalawa irin wannan a cikin kwanon da aka rubuta komai fam ɗaya, ya yi baƙi, da ƙananan lu'ulu'u kamar ƙwayar gero a jere, biyu sun faɗi. Da na juya na ga 15ct sai da na sake dubawa sau uku. Haka in kika ga alamar garin Chester, damin alkama uku da takobi, shi ma ofishin an rufe shi tun 1962.

Sai dai rashin tambari ba ya nufin ba gwal ba ne. Dokar ta ɗauke wa gwal da bai kai giram ɗaya ba, da azurfar da ba ta kai giram 7.78 ba. Ga kuma kayan da mutane suka shigo da su daga ƙasashensu. Na Amurka ana rubuta 10K, 14K, 18K. Na Jamus za ki ga 333, karat 8 ke nan, da azurfa 835 ko 800. Na Italiya 750 da ɗan tauraro da lamba da haruffa biyu na lardin da aka ƙera shi, AR na Arezzo ko VI na Vicenza. Na Faransa ɗan mitsitsin kan mikiya, wanda in ba da gilashi ba sai ki ɗauka ƙwarzane ne, alhali karat 18 yake nufi.

To ga inda mu muke da abin da Bature ba shi da shi. Mun tashi muna ganin gwal ɗan Dubai da ɗan Saudiyya a wuyan iyayenmu da cikin kayan lefe, idonmu ya san wannan launin mai zurfi na 21 da 22, hannunmu ya san nauyinsa da taushinsa. Su kuwa sun saba da karat 9 mai haske-haske, sai mai aikin sa-kai a shago ya ga sarƙa ta yi rawaya sosai ya ɗauka ta wasa ce ya jefa ta cikin na feshin, wato kayan kwalliyar da ba na gwal ba. A garuruwa irin su Bamingham da Leicester da Bradford inda 'yan Indiya da Pakistan da Larabawa suke da yawa, irin wannan yana faɗowa jefi-jefi. Ki nemi 916 ko 22K, ko 875 ko 21K, wani lokaci da lambobin Larabci aka buga. Amma ki yi hattara da 875 a jikin farin abu, don tsohuwar Tarayyar Sobiyet da 875 take buga wa azurfarta, gwal ɗinta kuma 583. Kuma a waɗannan garuruwan dai kayan amare na ruwan gwal sun fi na gaske yawa nesa ba kusa ba, saboda haka launi kaɗai bai isa hujja ba.

Tambarin da ke cewa ki ajiye

Kama da wane ba ta wane. In kika ga GP ko GEP ko HGE, ruwan gwal ne aka yi wa wani ƙarfe. GF ko RGP ko rolled gold, ko wani rubutu kamar 1/20 12K GF, fallen gwal ne aka lulluɓa a kan tagulla, ya fi ruwan gwal kauri kuma yana daɗewa bai koɗe ba, za ki iya saye don kwalliya amma ba don nauyi ba. EPNS a jikin farin abu ruwan azurfa ne. In abu rawaya ne amma an buga 925, azurfa ce aka yi mata ruwan gwal, kuɗin azurfa za ki biya.

Wanda ya taɓa cin kuɗina shi ne awarwaro. Na gan shi a teburin wani mutum, na duba ciki na ga 9ct, nauyi kuma masha Allah, na biya fam 40 ina murna. Sai da na zo gida na wanke shi na ga rubutun bai ƙare a nan ba, gaba kaɗan an rubuta metal core, wato cikinsa wani ƙarfe ne, gwal ɗin fata ce kawai. Raina ya ɓaci ƙwarai ranar, don rubutun yana nan ƙiri-ƙiri, zumuɗi ne ya hana ni karanta shi har ƙarshe. Irin wannan akwai shi a jikin loket ɗin da ake sa hoto a ciki, za ki ga 9ct back and front, gaba da baya ne kawai gwal. Ki karanta rubutu har inda ya tsaya, ki juya abin ta ko'ina.

Kuma tambarin ma ana yin na ƙarya, musamman 750 ko 18K ko 925 tsurarsu ba tare da alamar ofishi ba, don abin buga su ana sayar da shi a intanet. Shi ya sa bayan karatu sai gwaji.

Gwaji a tsaye, da gwaji a gida

Ki kawo maganaɗisu kusa. Gwal da azurfa ba sa kama shi. In sarƙa ta yi tsalle ta manne, ki mayar. Sai dai maƙullin sarƙa yana da ɗan sifirin na ƙarfe a ciki, don haka in shi kaɗai ne ke ɗan ja ba matsala, jikin sarƙar za ki gwada. Kuma ki sani tagulla da jan ƙarfe su ma ba sa kama maganaɗisu, wato wannan gwajin yana fitar da na banza ne kawai, ba ya tabbatar da na gaske.

Daga nan ki duba wuraren da ke gogar jiki, bakin zobe, inda ƙwayoyin sarƙa ke haɗuwa, bayan ɗan kunne. In ruwan gwal ne za ki ga ya koɗe wani launi ya leƙo, ja-ja ko fari-fari, wani lokaci har da kore. Ki shinshina ma, tagulla tana da ƙarni irin na tsohon kwabo, gwal ba shi da wari. Ki duba ƙwayoyin sarƙar, na gwal galibi a liƙe suke an yi musu walda, na feshin kuwa lanƙwasa su kawai aka yi, za ki ga tsaga. Azurfa in ta daɗe baƙi take yi, kuma wannan baƙin alheri ne a wajenki, shi ke sa mutane su raina ta.

A gida kuma akwai gwajin ruwa, ina son shi don ba ya ɓata kaya. Ki auna abin a sikeli ki rubuta. Sai ki ɗora ɗan kofi da ruwa a kan sikelin ki mayar da shi sifili, ki ɗaure abin da zare ki zura shi cikin ruwan ya nutse amma kar ya taɓa ƙasa ko gefe, ki rubuta abin da sikelin ya nuna. Ki raba nauyin farko da na biyu. Tsantsar gwal yana ba da 19.3, karat 22 wajen 17 da ɗoriya, karat 18 wajen 15 zuwa 16, karat 9 wajen 11, azurfa 10 da 'yan kai, tagulla kuwa 8 da rabi. Amma sai abin da ba shi da duwatsu kuma cikinsa ba rami ba ne, in awarwaro ne mai kogo lissafin zai rikice. Akwai kuma gwajin asid da dutsen gogawa irin na maƙeran gwal na gida, ana sayar da kayansa, sai dai asid ne mai ƙona fata, in akwai yara a gidan ni ban ba ki shawara ba. Gara ki tara abin da kike shakka ki kai wa masu sayen gwal, da yawansu suna da na'urar da ke karanta ƙarfe cikin daƙiƙoƙi ba tare da an kankare shi ba.

Duwatsu kuma gaskiya fage ne mai faɗi, kaɗan zan taɓa. Lu'ulu'un teku in kika goga shi a hankali a haƙori za ki ji ɗan gurzi kamar yashi, na roba ko gilashi santsi ne, kuma na ƙwarai galibi da ƙulli tsakanin kowace ƙwaya, maƙullin ma ki duba shi don sau da yawa gwal ne. Murjani na gaske yana da sanyi da nauyi, da 'yan siraran layuka a jikinsa in kin sa gilashi. Daimon kuwa kar ki yanke hukunci a kasuwa, ki kalli gidan da aka zaunar da shi, in gidan 750 ne ko filatinam to akwai dalilin kai shi a duba. Abu ɗaya da za ki guje wa ko da kyauta ne don sayarwa, hauren giwa. Dokar Ingila ta hana cinikinsa tun 2022 in ban da 'yan abubuwa ƙalilan masu rajista.

Kar kuma ki raina na feshin gaba ɗaya. In kin juya kin ga sunan kamfani kamar Trifari ko Monet ko Miriam Haskell ko Christian Dior, akwai masu nemansu. A azurfa kuma Georg Jensen na Denmark, da David-Andersen na Norway, da CH na Charles Horner, waɗannan sunan ake saye ba nauyi ba, kai su wajen narkarwa asara ce babba.

Ciniki

A shagon cariti ba a cika yin tayi ba, kuɗin na taimako ne, kuma ni ina ganin bai dace ba ma. Ki ce a buɗe miki akwatin ki duba, ba abin kunya ba ne. Ki san cewa manyan ƙungiyoyin suna tace kaya, masu tsadar su sa su a eBay, don haka ƙananan shaguna na unguwa da na asibitocin masu jinya sun fi saurin barin abu ya wuce. A kasuwar fili kuwa tayi halal ne, ki haɗa abu uku huɗu ki tambayi kuɗinsu gaba ɗaya.

Amma akwai inda nake tsayawa. In dillali ne da ya san kasuwa ya yi sakaci, wannan rabona ne. In kuwa tsohuwa ce ta kwaso kayan 'yar'uwarta da ta rasu, ta ce min zoben 750 rabin fam, ba na iya ɗauka in tafi, sai in ce mata wannan gwal ne fa, ko ta mayar jaka ko mu yi ciniki na hankali. Na yi haka, matar ta karɓi zoben ta riƙe shi a tafin hannu ta yi shiru, sannan ta sa shi a yatsa. Haka kuma in wani ya matso gefe ya buɗe miki hannu da sarƙa mai kauri yana waige-waige yana cewa ki kawo ko nawa ne, ki wuce abinki, ko na jabu ne ko na sata.

Bayan kin kawo gida

Wanki da ruwan ɗumi da ɗigon sabulun wanke-wanke da tsohon buroshin haƙori mai laushi ya isa. Ban da man goge baki, yana ƙwarzane. Lu'ulu'u da tsofaffin kaya masu duwatsun da bayansu a rufe yake kar ki jiƙa su, ƙyalle mai laushi kawai. Tsohuwar azurfa mai zane kar ki goge ta ta yi fes, baƙin da ke cikin zanen masu saye suna son sa.

Lissafin kuɗi kuma ga yadda yake. Ki duba farashin giram ɗin tsantsar gwal na ranar, in a oza aka ba ki ki raba da 31.1. A ce don sauƙin lissafi giram fam 100 ne, kina da sarƙa 375 mai giram 6. Sai ki ce 6 sau 0.375, ya ba ki giram 2.25 na tsantsa, fam 225 ke nan, mai saye kuma zai rage nasa. Ki tambayi wuri biyu uku kafin ki sallama, a unguwar maƙera ta Bamingham ko Hatton Garden a Landan shagunan a jere suke, kuma ki je da katin shaida don za su nema. Karyayye da wari ɗaya su ne na narkarwa, mai kyau da tsohon tambari ki sayar da shi a matsayinsa.

In kuma niyyarki ki kai gida ne, ki tuna kasuwarmu 18 da 21 da 22 ta sani, karat 9 ba ya samun daraja, gara ki sayar da shi a nan ki sayi wanda ake so. Sai dai ki kula da hukuncin, malamai sun ce gwal da gwal ba a musanya su da fifiko, kuma cinikinsa hannu da hannu ne, don haka ki sayar ki karɓi kuɗinki tukunna sannan ki sayi sabon. Wanda kike tarawa don kasuwanci kuma ba kamar na kwalliyarki ba ne wajen zakka, nisabin gwal wajen giram 85 ne na tsantsa, ki riƙa rubuta nauyi da karat na duk abin da ya shigo a ɗan littafi, ranar da za ki je wajen malam da tambaya lissafinki yana hannu.